Kunun Alkamar Kubura

Ranar sunan jikanta a Gwandu, maƙwabciyata Kubura ta wanke limamin unguwa da kunu, tun daga rawani har gemu. Ba labari aka ba ni ba, ina durƙushe bayanta, ni ma na samu rabona a kunnen hagu.

Limamin nan, Malam Abdulgani, shi ne uban mijin ɗiyarta Ruƙayyatu, wato jika ɗaya suka haɗa shi da Kubura. Bayan an raɗa suna da safe, yaro ya ci suna Atiku, maza sun watse, sai ya shigo har bakin shigifa don ya yi wa baƙin Kalgo barka da zuwa. Dattijo ne dogo, irin Fulanin Gwandu da ba a jin muryarsu sai an kasa kunne. Ya sha farar riga sabuwar bugu. Kubura ta durƙusa ta gaishe shi, ta jawo wani ƙaton gora da take ta riritawa tun daga gida, ta ce ga ɗan abin da ta dama, tana so Malam ya fara sa mishi albarka.

Malam ya ce, "To madalla. A buɗe."

Goran nan an toshe bakinsa da totuwar masara, an naɗe da tsumma, an buga da dutse, an ɗaure da fata. Kubura ce ta yi wannan aiki duka da hannunta, wai kada ko ɗigo ya zube a hanya. Daga Kalgo zuwa Gwandu kuwa ba tafiyar yini ba ce, ga bazara, ga jaki mai sassarfa. Tun muna Kambaza nake jin goran yana wani tsaki ƙasa-ƙasa kamar tsohuwar da aka hana goro. Na ce mata, "Kubura, goranki na magana." Ta ce, "Ke ce ba ki rufe baki, Jummai, har kin koya mishi."

Tana kwance fatar nan, ba ta ma taɓa totuwar ba, sai ji muka yi fau! Totuwa ta tashi ta daki rufin shigifa, kunu ya biyo ta a tsaye, fari da kumfa, ya sauko kan Malam. Goran bai yi shiru ba sai da ya amayar da rabin cikinsa. Sannan wari ya tashi. Duk wanda ya taɓa fatauci kudu ya ratsa inda ake dafa burkutu ya san warin nan. Abin mamaki, har matan da ba su taɓa fita daga Gwandu ba nan take suka gane shi.

Malam ya sa yatsu biyu ya matse gemunsa, ya ce, "Inna lillahi." Ya juya ya fita. Kafin azahar saƙo ya shigo daga zaure: abin da ya fito daga hannun matar nan ba zai ƙara shiga gidansa ba, kuma ba zai shiga bakin jikansa ba.

Ni dai na yi dariya har sai da wata tsohuwa ta ɗana mini mintsini. Kubura ba ta yi ba. Ko hular da ta saƙa wa jaririn ba ta iya miƙawa ba, a ƙugunta ta koma da ita.

Bari in gaya muku wace ce Kubura, don kada ku ɗauka wata sakarya ce. Haifaffiyar Diggi ce, ubanta masunci. Tana yarinya ita ke hura wutar banda, shi ya sa har yau in ta shinshina kifi sai ta gaya maka ko da itacen kirya aka kyafa shi ko da kara. Aure ya kawo ta Kalgo gidan Ɗahiru, manomi, mutum mara hayaniya, wanda in rani ya yi yake sauka fadama da jigonsa yana ban ruwan albasa da 'yar alkama. Danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, dangar kuwa ta gaji da mu, don wurin da muke jingina muna hira har ya lotsa. Ta haihu da yawa, Allah ya karɓi abinsa, Ruƙayyatu kaɗai ta tsaya. Ita ce kuma ta fari, saboda haka Kubura ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce "yarinyar nan ta Gwandu". Sana'arta kunun zaƙi, tana kai shi kasuwar Kalgo a gindin wata tsamiya, kuma kafin abin nan ya faru ba ta taɓa komowa da saura ba.

Alkamar kuwa tsautsayi ya jefa ta cikin kunu. Ɗahiru ya jingina ɗan buhun da ya samu a bayan randa, randar tana yoyo ba wanda ya lura, aka wayi gari ƙasan buhu ya yi gemu. Alkama abincin manya ce, da ita ake alkaki da taliya, Kubura ba ta iya zubarwa. Ta ce ai da tsiron shinkafa muke sa kunu ya yi zaƙi, mi zai hana tsiron alkama? Ta shanya, ta niƙa, ta dama. Ta miƙo mini ta saman danga a ludayi. Wallahi ban taɓa shan irinsa ba. Kauri gare shi, launinsa kamar ruwan zuma, zaƙinsa ba na rake ba ne, ya fi kama da dabino, ga kanumfari da citta suna biyo baya. Shi ne ta ce wanga ba na kasuwa ba ne, na sunan jikanta ne. Abin da ba ta sani ba, kunun gero in ya kwana tsami kawai yake yi, wannan kuwa in ka rufe mishi baki ka bar shi a rana, wani abu daban yake zama.

Labari ya riga mu isa gida, fataken kifi sun kai shi. Ranar kasuwa ta farko ta zauna a gindin tsamiyarta da kunun gero na kullum, wanda mutanen Kalgo suka girma suna sha, aka riƙa wucewa ana gaishe ta daga nesa. Wani mai jakai ma cewa ya yi, "Inna, akwai na Gwandu?" Ta dube shi ta ce babu, ta komo da tulunta cike.

Amma ba kasuwa ce ta hana ta barci ba. A wurinmu in za a yaye yaro, gidan kakarsa ta wajen uwa ake kai shi, ya zauna har ya manta da nono, ita ke dama mishi, ita ke goya shi, daga nan ne yake sanin yana da wani gida bayan na ubansa. Kubura tun ranar da aka ce yarinyar nan na da ciki ta sa Ɗahiru ya gyara ɗaki. Yanzu an ce abin hannunta ba zai shiga bakin yaron ba. Da mi za ta yaye shi, da kallo?

Na ɗauka za ta tattara sauran tsiron ta watsa wa kaji. Sai na ji ta tana niƙa da asuba.

Na leƙa na ce, "Ke, ba ki daddara ba? Wa za ki wanke kuma, alƙali?"

Ta ce, "Abin da ya kunyata ni sai na san halinshi. Kawo bakinki nan, tunda ba shi da aikin yi."

Haka na zama mai ɗanɗano. Ta dama da safe, ta ba ni, ta ajiye. Hantsi ya yi ta ƙara ba ni. Azahar ma haka. Muka gane da safe zaƙi ne zalla, da azahar ɗan tsami-tsami ya fara shiga, lokacin ne ma ya fi daɗi. La'asar na yi sai ka ga ƙananan idanu sun fara fitowa a samansa, in ka kara kunne ka ji yana sis-sis. Daga nan ta kafa doka: faifai kaɗai ake rufe shi da shi, ba ya shiga gora, ba ya kwana, in an kira la'asar abin da ya rage na rami ne. Da farko akuyarta take bai wa, har ran da akuyar ta kwanta a tsakar gida tana kallon sama tana lumshe ido. Na ce ga wata ta bi tafarkin uwargijiyarta. Kubura ta jefe ni da marar tuwo, amma daga ranar ta haƙa rami.

Ta kuma aiki Ɗahiru wurin limaminmu na Kalgo ya tambaya. Liman ya ce abin da aka dama aka sha a yininsa, bai juya ba, bai taɓa hankali ba, kunu ne kamar kowane kunu. Ɗahiru ya komo ya faɗi wannan a taƙaice, ya ɗauki gugansa ya koma fadama.

Sai wata matsalar ta taso. Kunun nan nauyi gare shi. In ka sha ƙwarya ɗaya haka nan, zaƙin ya gundure ka tun ba ka kai rabi ba. Kubura ta ce to yana buƙatar abokin tafiya. Muka fara da masa. Na ci uku na kora, ban farka ba sai da maigidana ya dawo gona ya tarar ba a ɗora tukunya ba. Muka gwada ƙosai, mai ya zauna a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Alkaki kuwa kada ma a fara, zaƙi kan zaƙi, zuciyata ta yini tana tashi. Ƙuli-ƙuli ya ɗan yi. Kwaɗon zogale ya fi shi, don ɗacin ganyen yana rage zaƙin, sai dai ba kullum ake samu ba.

Ran nan ƙanenta ya zo daga Diggi da tsarabar bandar tarwaɗa. Ta ɗumama ɗaya a garwashi, ta ɓare, ta barbaɗa yaji mai barkono da ɗan gishiri, ta jiƙa tsamiya ta yayyafa. Ta miƙo ta saman danga ta ce, "Ki fara cin kifi. Sai kin ji bakinki ya kama wuta sannan ki kurɓa."

Na yi yadda ta ce. Barkono ya tashi, hayaƙin banda ya cika mini hanci, na kai kunu. Sai zaƙin nan da ke gundurata ya zo ya kwantar da wutar, kaurinsa ya lulluɓe harshe, kanumfari ya haɗu da hayaƙi suka zama abu ɗaya. Ina haɗiyewa bakina ya nemi kifi. Ina cin kifi ya nemi kunu.

Ta ce, "Yaya?"

Na ce, "Ban gane ba tukuna. Ƙaro."

Ta ce, "Ɓarauniya. Ya yi ke nan."

Ba ta koma kasuwa da tulu ba, da murhu ta koma. Ta kafa duwatsu a gindin tsamiya, ta baje garin tsiro a faifai kowa na gani, ta dama a gaban jama'a. Makon farko kallo kawai aka yi. Ni ce nake zama a gabanta ina ci ina santi da ƙarfi, don a san ban faɗi ba, ban kuma yi waƙa ba. Masunta suka fara, su da ba su da tsoron bakin mutane in dai akwai kifi. Sai masu jakai, har da mai tambayar na Gwandu. Ba ta sayar wa kowa kunu ba kifi, ko kai wane ne. In ka zo da gora ta ce ka koma da abinka, a nan ake sha. Ana kiran la'asar za ta ɗauki tukunya ta tuntsurar a rami, ko da mutum na tsaye da ƙwarya a hannu. Mutane suka fara cewa ai Kubura ta fi wasu malamai tsoron Allah. Ni na ce a'a, Gwandu take tsoro.

Kalgo ta dawo hannunta, Gwandu shiru. Damina biyu ta wuce. Sallah ta yi, ta aika da hular nan da 'yar riga, aka karɓa don ba a ci. Sai ga wata mai sayar da tabarmi ta zo da saƙon Ruƙayyatu: yaro ya yi wayo, yana gudu, an sa watan gobe za a cire shi a nono, kuma Malam ya ce garin Dodoru za a kai shi, wurin wata gwaggon ubansa.

Kubura ta zauna a bakin murhu har wutar ta mutu. Can ta ɗago ta ce, "Jummai, ki nemi izini wurin maigidanki. Za mu Gwandu."

Na ce, "Da gora?"

Ta ce, "Da uwarki."

Wannan karon jaki bai ɗauki ko ɗigon ruwa ba. Garin tsiro a jaka, gero, kayan yaji, tukunya, ƙore, da kwandon banda wadda ta zaɓa ɗaya-ɗaya da hanci. Ɗahiru ya raka mu, yana gaba yana jan jaki, duk tafiyar nan bai yi magana ba sai salati in jakin ya yi tuntuɓe.

Muka sauka gidan wata 'yar Kalgo da ke aure can. Da sassafe Kubura ta kwashi kayanta, ta je daidai ƙofar gidan Malam Abdulgani, ta tsallaka hanya, ta kafa murhu a gindin wani bedi, wato dogon yaro. An ce abin hannunta ba zai shiga gidan ba, to ba ta kai shi ba, ita ma ba ta shiga ba. Ta aika aka ɗebo ruwa daga rijiyar masallacin Malam, don kada a ce da ruwan ma ta zo.

Malam na zaune a ƙofar zaure kan buzu, da dattawan unguwa suna ɗaukar karatu. Ɗahiru ya je ya gaishe su ya zauna a gefe. Kubura ta durƙusa daga inda take ta ce, "Allah gafarta Malam, an kwana lahiya?" Ya amsa ba tare da ya ɗaga kai daga littafi ba. Ta hura wuta. Ta tafasa ruwa, ta dama, ta zuba tsiro, ta juya, duk a idonsu. Sannan ta jera tarwaɗa a garwashi. Iskar safiyar nan kuwa kamar an biya ta, daga wurinmu take busawa zuwa zaure.

Na ga karatu ya fara tsinkewa. Wani tsoho mai suna Bawa, wanda aka ce shi ke yi wa Malam ladanci, ya karanta layi ɗaya sau uku. Daga baya ya rufe littafinsa ya ce, "Malam, a gabanmu aka ɗebo ruwan ga, a gabanmu aka dama. In akwai haram ciki, to daga rijiyarka ya fito."

Dattawa suka yi dariya. Malam bai yi ba, amma bai hana shi tashi ba. Bawa ya tsallako, Kubura ta ba shi kifi ta ce ya fara da shi. Ya ci, ya kurɓa, ya tsaya, ya dubi sama. Bai koma zaure ba. Na biyu ya biyo shi, na uku ma. Aka bar Malam da Ɗahiru, mutum biyu da ba mai iya fara magana a cikinsu.

Ana haka sai ga wani ɗan yaro ya fito daga zaure da gudu, tumbur, da laya a wuya. Kubura ta saki ludayi. Jikanta ne, ba ta gan shi ba tun yana ɗan kwana bakwai. Ta ce, "Kai, wanga mummunan miji nawa ne? Ko riga ba ka saya wa kanka ba, da mi za ka riƙe ni?" Yaron ya tsaya a tsakiyar hanya yana kallon kifi. Ta ɗauki ɓari za ta miƙa, sai ta tuna, ta mayar, ta ɗora hannun a cinya.

Malam ya ga wannan. Sannan ya tashi, ya ɗauki yaron, ya tsallako da shi, aka shimfiɗa mishi buzu a gindin bedi. Ya ce, "Zubo kaɗan. Abin da zai shiga bakin yaro, ni ya kamata in fara sani."

Ta zuba a sabuwar ƙwarya. Ya shinshina, ya ƙara shinshinawa, ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya ce, "Ba laifi gare shi. Sai dai zaƙi ya yi yawa."

Kubura ba ta yi gardama ba, ta tura mishi kifi. Ya ci. Barkonon Kalgo ya kama Bafulatanin Gwandu, idonsa ya kawo ruwa, ya rarumi ƙwarya. Ya miƙo ƙwarya aka ƙara. Ya ce yana so ya tabbatar. Aka ƙara. Ni da na san wannan hanyar tabbatarwa, na sunkuyar da kai ina cizon mayafi. Yaron na kan cinyarsa yana tsintar kifi daga hannun kakansa, daga baya ya gaji da jira ya sauka ya je ya karɓa daga hannun Kubura. Ba wanda ya ce a'a.

Rana ta take tsaka, tukunya ta koma sai ƙanzo. Malam ya wanke hannu, ya gyara murya, ya dubi Ɗahiru, don shi ba ya duban surukuwa ido da ido. Ya ce, "Zancen Dodoru a bar shi. In wata ya kama, uban yaro zai kawo shi Kalgo. Amma da sharaɗi. Kada a ba shi wanga kunu na alkama, nauyi gare shi, cikin yaro ba ya ɗauka."

Kubura ta jawo tukunya ta karkata ta, ta leƙa ciki, ta kankara gindin da ludayi har kowa ya ji ƙarar. Ba ta dubi Malam ba, ni ta duba, amma da muryar da ta isa zaure.

Ta ce, "Jummai, gaya wa Malam ya kwantar da hankalinshi. Ina yaro zai samu, ga kakanshi da rai?"